Ba Nonona Ba Ne

Da godiya ga Allah nake farawa, shi da ya bar mini ɗana Nasiru, ya kuma wanke ni daga laifin da ban yi ba. Na rubuta wannan ne saboda matan da ake tatsar nononsu a ludayi a jefa tururuwa a ciki. Ni an yi mini. Na yi kusan wata guda ina kallon jaririyata tana kuka, ba ni da ikon ɗaga riga in ba ta.

Sunana Tsahara. Garinmu yana cikin karkarar Sabon Gida, fadama ta ba mu albasa, tudu ya ba mu gero. Mijina Isuhu ɗan Gwaggo Hajo ne, yayar babana, don haka uwar mijina gwaggota ce. A gidanmu haka ake yi tun kakanni, ba a kai 'ya waje, ba a ɗauko ta waje, wai kada gona ta rabu. Ni dai ba wanda ya matsa mini. Ina son Isuhu tun ina aji biyar a lakkol, lokacin da yake ɗaukar mini jaka yana cewa hanyarsa ce, alhali garkarsu tana can gabas da gari.

Ɗanmu na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya zo duniya ɓul-ɓul. Da ya shiga wata na bakwai sai hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya tsala ihu. Idanunsa suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka ce amosani ne, aka jiƙa saiwa iri-iri. Bai cika shekara biyu ba ya koma. Nasiru ya biyo shi, shi ma a wata na bakwai kumburin ya fara, sai dai shi ya yi taurin rai. Yana kwantawa yana tashi har ya kai shekara huɗu, siriri, da ɗan tumbi a gaba da bakin magana kamar na uwarsa.

A farkon damina na haifi Hawa. Mako biyu bayan suna aka yi ruwa mai ƙarfi, Nasiru ya fita wasa cikinsa da yaran unguwa. Kafin la'asar yana birgima a tabarma yana cewa ana sara masa ƙafa.

Washegari Gwaggo ta shigo da Kande, ungozomar garinmu, da ludayi a hannu. Tun kafin su zauna na san abin da ya kawo su.

“Tsahara, ni ba ƙinki ni kai ba, ke ɗiyata ta,” in ji Gwaggo. “Amma diba. Na hwari ya tahi, wanga ga shi kwance. Mi sunka haɗa in ba nono ba?”

“Sun haɗa uba ma, Gwaggo.”

Wannan bakin nawa ya sha ja mini, amma bai taɓa ja mini kamar ranar ba. Gwaggo ta dube ni. Kande ta sa na tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa a bakin ƙofa ta saka. Dokar ita ce, in tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiyarsa lau, in ta mutu a ciki, yana da dafi. Muka zuba ido mu uku. Ta yi ɗan motsi, ta juya, ta tsaya cik. A nan take Gwaggo ta ɗauki Hawa daga cinyata ta goya. Aka aika wa Agali, maƙwabcinmu makiyayi, ya riƙa kawo nonon akuya safe da yamma.

Makon farko na yi shi cikin kuka da haushi. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata kullum a jiƙe. Wata safiya na ɗebi nonon akuyar a ludayi, na kamo tawa tururuwar na jefa. Ita ma ta mutu, har ta riga ta farko. Na kai wa Isuhu ludayin har inda yake ɗaura wa jaki amalanke.

“Ga shi, akuyar ma dahi gare ta. Sai a raba ta da ɗiyanta.”

“Tsahara, ki bari,” ya ce, yana duban igiyar hannunsa. “Inna ta riga mu ganin duniya. In munka ƙi maganatta, abu yas samu yarinyag ga, ina za mu sa kanmu?”

Ban ga laifinsa sosai ba, ya binne ɗa ɗaya da hannunsa. Amma na ji haushinsa har na kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta abinci.

A mako na biyu gidanmu ya koma kasuwa. Kowa ya zo dubiya da maganinsa. Wani kawu ya ce a kira wanzami ya yi tsaga a ƙafafun ya fitar da mugun jini, aka kira shi, yaron da jini bai ishe shi ba aka ƙara zubar masa da wani. Wata ta kawo ɓawon itace daga Keita, wata ta ce a turara shi, wata ta ce ai iska ce ya taka a bakin fadama. Duk wanda ya zo sai ya saci kallon ƙirjina kafin ya fita. Hawa kuwa nonon akuya bai karɓe ta ba, ta fara zawo, maɗigarta ta faɗa. Gwaggo ta ce ragowar nawa ne yake fita daga cikinta. Ta ce in na kuskura na ba ta, za ta kai ta Deule wurin 'yarta mai goyo, ba zan sake ganinta ba sai ta yi ƙafa.

Ni kuma kullum sai in zaga bayan ɗaki in tatse a ƙasa, in rufe da rairayi. Tsorona ɗaya, kada nonon ya ƙafe kafin gaskiya ta fito.

Ranar Talatar mako na uku Nasiru ya daina kuka. Wannan shirun ya fi ihun tayar mini da hankali, domin haka wansa ya yi. Na saɓa shi a kafaɗa ban nemi izinin kowa ba, na nufi asibitin gari. Majo, wato ma'aikacin da ke riƙe da asibitin, ya ja fatar idon yaron ƙasa, na ga cikinta fari fat kamar takarda. Ya ga tsagar ƙafafun ya girgiza kai. Bai tsaya faɗa ba, ya rubuta takarda ya ce mu wuce babban asibiti yanzu-yanzu, jini ya ƙare.

A nan aka yi abin da har yau in na tuna sai in yi dariya, ko da yake ranar ban yi ba. Gwaggo ta ce ba ta barin Hawa, kuma ba ta zuwa birni ba nonon da za ta ba ta, don haka da akuya za a tafi. Agali ya ce akuyarsa ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Haka muka kama hanya: amalanke har bakin kwalta, sannan mota, ni da Nasiru da Isuhu a ciki, Gwaggo da goyo, Agali da rawaninsa, akuya ɗaure a saman mota tana ta kuka har Madawa. Kafin mu tashi Isuhu ya sayar da albasar da ya ajiye a rudu, wato rumbun albasa, yana jiran ta yi tsada.

Lokacin zazzaɓin damina ne, asibiti cike maƙil, iyaye mata a baranda da yara a cinya. Na tsaya a layi ina jin numfashin yaron a wuyana yana raguwa. Allah ya saka wa wata ma'aikaciya da alheri, ta zo wucewa, ta dubi tafin hannunsa, ta janye mu daga layin ba tare da ta tambayi ko 'ya'yan wa ne mu ba. Lokotoro, wato likitar da ta karɓe mu, mace ce, gajera, 'yar wajen Keita, Hausarta irin tamu. Ta tambaye ni tun daga kan na fari, wata nawa kumburin ya fara, ni da mijina yaya muke. Ta ce a ɗebi jinin Nasiru a ajiye kafin a ƙara masa wani, domin in jinin wani ya gauraya da nasa awon da take so ba zai faɗi gaskiya ba. Ta sa aka ɗebi nawa ni ma.

Isuhu ya naɗe hannun riga ya ce a kwashi nasa ko duka ne. Aka auna, aka dawo aka ce ba za a sa wa yaron nasa ba, an ga alamar abin da ake zargi a ciki. Ni ina jego, ba a ɗibar nawa. Muka tsaya cirko-cirko. Sai Isuhu ya tuna da Agali, ya fita ya same shi gindin bishiyar bedi a ƙofar asibiti yana ba akuya ƙaiƙayi. Agali bai taɓa yarda an yi masa allura ba a rayuwarsa. Ya shigo, ya ja rawani ya rufe idanunsa, ya miƙa hannu. Jininsa ya dace.

“Ikon Allah,” in ji Gwaggo. “Na uba bai yi ba, na bare ya yi?”

Jinin yana sauka ɗigo-ɗigo, ina zaune ina kallon leɓen yaron yana sauya launi. Kafin magariba ya buɗe ido ya ce, “Inna, ina akuya?” Na yi kuka har matar gadon kusa ta riƙe ni.

Kwana shida muka jira sakamakon babban awon, domin sai da aka aika jininmu birnin Tawa. Ma'aikatan ɗakin tun ranar farko suka ce in ba jaririya nono, Gwaggo ta ce to, ta fita da ita gindin bedi ta yi zamanta. Sai na koma ɓarauniyar 'yata. In Gwaggo ta kwance goyo za ta yi alwala, matar gadon kusa ta karɓa wai za ta riƙe mata, ta miƙo mini ta bayan labule. Sau biyar a rana, daidai da salloli. Zawon ya tsaya, Gwaggo ta ce ruwan birni ne ya karɓi akuya.

A rana ta bakwai lokotoro ta kira mu ofishinta, ta ce har da tsohuwa. A kan teburinta akwai ƙoƙo biyu, kowanne da ƙwayar wake biyu, ɗaya fara ɗaya ja.

Ta ce sunan ciwon drefanositoz, wanda wasu ke kira sikila. Ƙwayoyin jinin Nasiru, maimakon su zama kewayayyu su wuce cikin jijiya sumul, sai su lanƙwashe kamar lauje su maƙale, musamman in ya sha sanyi ko zazzaɓi ko ƙishirwa. Maƙalewar ita ce sarar da yake ji a ƙafa. Kuma suna saurin mutuwa, shi ya sa jininsa ke ƙarewa idonsa ya yi ɗorawa.

“Daga nono yas sha shi?” Gwaggo ta tambaya.

“A'a, Inna. Tun ran da anka yi cikinai yaz zo da shi.” Ta ce jikin mutum an gina shi da 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, a cikinsu akwai wasu zarurruka da ake kira kuromozom, guda arba'in da shida, jere biyu-biyu. Ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba, ba wanda ya fi wani ko da ɗaya. A jikinsu aka rubuta kamannin mutum, hancinsa, tsawonsa, har da irin jininsa. “Rubutun jini biyu na ga kowa, guda na uwa, guda na uba. Hwarin wake shi na lahiyayye, muna ce mai A. Ja shi na mai lauje, muna ce mai S. Wanga ƙoƙo Isuhu na, wanga Tsahara. Kowanensu AS na, hwari da ja. Mai hwari guda ba ya ciwo, hwarin na rihe shi, shi as sa ba su san suna ɗauke da shi ba. Inna, rumtse ido ki ɗauko guda nan, guda nan.”

“Ni ba ni caca, ɗiyata.”

“Ba caca ta ba. Ina so ki gani da hannunki yadda Allah ka rabawa.”

Gwaggo ta rufe ido ta ɗauko. Fari da ja. Lokotoro ta ce wannan ɗa lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da shi kamar iyayensa. Aka mayar, ta sake. Fari da fari, wannan ya tsira gaba ɗaya. Ta sake, fari da ja. A na biyar ne ta buɗe hannu muka ga ja biyu.

“Wanga shi na Nasiru, SS. Ja guda daga uwa, ja guda daga uba. Uwa ita ɗai ba ta iya ba shi.” Ta ce kowane ciki sabon ɗauka ne, kashi ɗaya cikin huɗu yana iya faɗawa kan ja biyu, kuma wake ba ya tuna abin da aka ɗauka jiya. Ta ce ko bare da bare suna iya haɗuwa a haka, sai dai in kaka ɗaya ne ya raba wa jikoki jan wake, kuma jikokin suna auren juna, haɗuwar ta fi sauƙi.

Na tambayi abin da ya daɗe yana ci mini rai: me ya sa ciwon ba ya tashi sai yaro yana tsakiyar shan nono? Ta ce jariri yana fitowa da jinin zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wajen wata shida yake ƙarewa, nasa na kansa ya karɓa, ciwon ya bayyana. Mutane su duba su ga ba abin da yaron ke ci sai nono, sai su kama nono.

Gwaggo ta daɗe tana kallon jajayen waken a tafinta. Isuhu ya sunkuyar da kai, ni kuwa ina jira ta yi gardama, har na shirya amsa.

Sai Gwaggo ta tambayi lokotoro, “Isuhu kuma, ina yas samu nashi jan?”

“Wurinki, ko wurin babanai. Ko ku duka kuna da shi.”

Ta tura mayafi baya ta miƙa hannu. “Auna ni.”

Awon gaggawa aka yi mata, bayan azahar ya fito. Tana da shi. Marigayi mijinta kuwa ɗan wan babanta ne. Lokotoro ta ce ba ta iya auna wanda ya riga mu gidan gaskiya, don haka ba za ta rantse ba, abu ɗaya ta sani tabbas, wannan ciwo ba ya bin nono.

Sai Gwaggo ta zauna a kan benci, ta faɗi abin da ban taɓa ji ba duk zamana a gidan. Kafin Isuhu ta haifi uku, duk suka tafi da kumburin hannu. Aka kawo ludayi, tururuwa ta mutu. Da aka haifi Isuhu ko sau ɗaya ba a bar ta ta sa shi a ƙirji ba, da nonon akuya aka raine shi. Ya rayu, kowa ya ce ga shaida.

“Shekara arba'in,” ta ce, “ina kwana ina tashi da sanin ni nik kashe ɗiyana. Ashe ba nonona na ba.”

Duk amsoshin da na shirya suka zube. Na zo da niyyar in ci nasara a kanta, sai na ga ashe ciwo ɗaya muke jinya. Ta kwance goyon da kanta, ta ɗora mini Hawa a cinya a gaban ɗanta da lokotoro da duk mai wucewa.

“Ba ta.”

Hawa ta kama ba wata gardama. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta share ido da gefen mayafi. “Wagga ba yau taf fara ba. Sau nawa?”

“Sau biyat a rana, Gwaggo. Duk sa'ad da kinka tahi alwala.”

Ta yi dariya har da tari. Kwana uku bayan haka aka sallame mu, akuya ta koma gida a saman mota kamar yadda ta zo, ba aikin da ya rage mata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Nasiru bai rabu da ciwon ba, kuma ba zai rabu da shi ba. Amma yanzu mun san abokin zamanmu. Yana shan ƙwayarsa ta ƙarin jini kullum, yana kwana cikin gidan sauro, gorar ruwa ba ta barin hannunsa, in hadari ya haɗu Gwaggo ce ke fara fita da rigar sanyi tana kiransa. Zazzaɓi ko kaɗan ne, sai wurin majo, ba jiƙo ba tsaga. Wanzami ya daina gaishe ni, na kuma haƙura. Bara sau ɗaya kawai muka kwana asibiti. Bana ya shiga lakkol, yana gaya wa yara wai shi jinin makiyaya ne a jikinsa, kuma duk ranar kasuwa sai ya kai wa Agali goro. Da Hawa ta shekara aka auna ta, fari da fari ta ɗauko.

Ku da za ku yi aure, na gida ne ko na waje, ku je a auna ku kafin a sa rana. Ba na ce a bar zumunci ba, ni ma da shi nake zaune, na ce ku san abin da ke cikin ƙoƙonku. Gwaggo yanzu da wake huɗu take yawo a ƙulle a bakin zane. Duk gidan danginmu da aka kai gaisuwar neman aure sai ta je ta zauna ta kwance ƙullin, kuma ba mai iya korar ta. Kande ma ta san in za ta fita da ludayi, to, kada ta bi ta ƙofarmu.

Da Hawa ta kai lokacin yaye, na wanke mata kaya na ɗaure, domin a al'adarmu ɗakin kaka ake kai yaro ya manta nono. Na kai ta da safe. Gwaggo ta karɓe ta, ta ɗaga ta sama ta juya ta, ta dubi kumatun nan da cinyoyin. Sai ta miƙo mini ita, ta ɗora mini ƙullin kayan a kai.

“Koma da ita. Ƙara mata wata guda.”

“Gwaggo, ai ta isa, har gudu takai.”

“Na sani. Nata ta sha. Yanzu ta sha ma ubanta nashi da anka hana mai.”